Ranar da na yi wa Baba tafinta a Guangzhou

Shekarun baya, can ƙarshen shekarun casa'in, ina ɗalibi a wata jami'a a Guangzhou, ina karanta ilimin albarkatun ruwa. Ana nan sai aka turo wani dattijo daga gida ya yi kwas na 'yan watanni a sashenmu. Masanin yanayi ne a wata hukuma ta gwamnatin tarayya. Ya kai sa'an mahaifina, don haka Baba nake ce masa. Ba ya jin Sinanci, ni kuwa na kwana biyu a garin, sai na zama bakinsa. Ni ke raka shi kasuwa, ni ke kai shi unguwar Xiaobei mu ci abincin halal tare da 'yan Ghana masu lodin kaya.

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna ruwan sama a arewa maso gabas. Abin da ya gano ba mai daɗin ji ba ne. Damina tana gajarcewa, rijiyoyi sai ƙara zurfi suke yi, rairayi yana cinye gonaki. Shirin dashen itatuwan da gwamnati ke tutiya da shi kuwa, yawancinsu sun bushe, don ba wanda ya sake leƙa su bayan an ɗauki hoto.

Sashenmu ya shirya taron masana a kan sauyin yanayi, aka ce Baba ya gabatar da bincikensa da Turanci, ni in mayar da Sinanci. Ana saura kwanaki kaɗan, sai ga tawaga daga gida sun zo sayen na'urori, a cikinsu har da shugaban Baba. Ya gayyace mu cin abinci. Sai da aka kwashe kwanuka ya ce, "Dakta, na ji abin da za ka faɗa. Gwamnati za ta je babban taro a waje, za ta ce shirinmu ya tsayar da hamada. Ka cire batun itatuwan nan."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na kashe su ba. Gani na yi kawai."

"Na sani. Amma ka ga zamanin da muke ciki. Iyalinka a gidan gwamnati suke zaune, ga ritaya ta kusa."

Mulkin soja ake yi lokacin, kowa ya san abin da wannan magana take nufi. Ni kuwa da ɗanyen kai sai na tsoma baki, na fara lacca a kan gaskiya da amanar ilimi. Mutumin ya dube ni ya ce, "Samari, wa yake biyan kuɗin karatunka?" Gwamnati ce ke biya, don haka nan take laccata ta ƙare. Na koma shan shayi kamar ƙishirwa ce ta kawo ni.

Muka kama hanyar komawa. Da muka sauka daga bas Baba ya ce, "Zan cire. 'Ya'yana mata uku suna makaranta." Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba.

Ranar taro ya yi yadda aka ce masa. Ya yi bayanin damina, ya tsallake itatuwa. Shugabansa yana zaune a sahun gaba yana gyaɗa kai. Da aka zo tambayoyi, sai wani tsohon farfesa ɗan ƙasar ya miƙe ya ce, "Mun ji kun dasa itatuwa masu yawa. Suna nan? Sun tare rairayin?"

Na fassara masa. Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya ba da amsa da kalmar Sinanci ɗaya tak da ya koya a wajen masu shaguna, wadda suke faɗa in ka nemi abin da babu.

"Meyo."

Aka yi dariya, amma ta ɗauke da sauri, don shi bai yi ba. Ya ci gaba da Turanci, ya ce, "Babu su. Na zagaya wuraren da ƙafata. Zan iya yin shiru in an sa ni, amma ba zan iya cewa akwai ba." Ya juyo ya dube ni. Na mayar da maganar yadda ya faɗe ta, ban rage ko harafi ba.

Da aka tashi, tsohon farfesan ya zo ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. Cikin ƙasa da murya ya ce in gaya wa Baba shi ma ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri.

Ba a bar Baba ya ƙarasa kwas ba, aka kira shi gida. Ba a kore shi ba, amma an ɗauke shi daga bincike aka tura shi wani ofis da ba a komai sai karanta jarida, aka kuma karɓe gidan. Ni dai ba abin da ya same ni, ga alama ban kai a tuna da ni ba.

Bayan na dawo gida na neme shi. Na same shi a ƙauyensu, ya yi ritaya, yana ta fama da manoma su koma shuka gero mai saurin nuna. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, "Na yi, sosai ma, ranar da muka kwashe kaya uwar yara tana kuka. Amma da za a sake tambayata, amsar dai ita ce."

Allah Ya yi masa rasuwa tuntuni. Yanzu manya na hawa mumbari suna faɗin abin da aka hukunta shi a kansa, ana tafa musu. In na ji su ba haushi nake ji ba, kewarsa nake yi. Ya nuna mini mutum yana iya jin tsoro, har ya ja da baya, amma ya san iyakar da ba zai wuce ba. Allah Ya jiƙan Baba.