Tsiren da Inna Ta Ƙi Ci

Idan Allah ya kai ka Ula, garin nan da ke arewa da Madina, ka gama zagaya kaburburan nan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, yunwa ta kama ka, kada ka biye wa direba ya kai ka inda za a ɗora maka ganye uku a faranti kamar kai akuya ne. Gangara bayan tsohon gari, inda gidajen laka suka ƙare gonakin dabino suka fara. Za ka ga wani ɗan shago mai teburi huɗu, hayaƙi na tashi a gefensa. Dogon mutumin nan mai furfura a gemu da ke juya tsinke a kan garwashi, yayana ne, Khalilu. Ka ce Radiyya ce ta turo ka. Ba zai yi maka fara'a ba, don bai iya ba, amma zai ƙara maka albasa.

Mu 'yan Madina ne, a unguwar Jurf aka haife mu. Kakanmu ya taso daga Haɗeja da ƙafa ya zo aikin hajji, bai koma ba. Babanmu ya yi shekara talatin yana gasa tsire a gindin dutsen Uhudu, a layin masu dabino da carbi, kuma a hannunsa Khalilu ya koyi yankan nama siriri da haɗin ƙuli da yaji. Larabawa "siriya" suke ce wa tsiren, suna ci suna hawaye suna neman ƙari. Da Baba ya rasu Khalilu ya gaji wurin. Ba ya surutu, ba ya yawo. Abu ɗaya na sani bai taɓa fashinsa ba: tsinken farko da ya nuna kowace rana na Inna ne, sai ya naɗe shi ya aika gida kafin ya sayar wa kowa.

Sai aka zo gyaran wurin, aka ɗauke rumfunan layin gaba ɗaya. Wata bakwai Khalilu yana zaune a gida, mutum mai 'ya'ya biyar, har ya fara faɗa da bango. Wani abokinsa Osman, ɗan Sudan da ke tuƙa motar masu yawon buɗe ido, shi ya ce masa ya zo Ula, baƙi sun cika garin kuma sun gaji da abincin otal. Tafiyar awa huɗu ce daga Madina, ka yi arewa. Ya je, ya kama shago, cikin wata biyu har layi ake yi masa.

Ranar da ya fara dawowa gida, ya shigo da kwalin lemon Ula da dabino da tsire a naɗe, fuskarsa kamar ta ango. Inna ta dube su, ta janye ƙafarta.

"Daga ƙasar Samudawa ka ɗebo min wannan?"

Inna ba ta yi boko ba, amma abin da ta ji a gaban malam ba ya fita kanta. Ta san duwatsun nan gidajen mutanen Annabi Salihu ne, waɗanda suka soke taguwa aka halaka su. Ta san da Ma'aiki, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bi ta wurin, ya sa an zubar da ruwan da aka ɗebo a rijiyoyinsu, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. A wurinta magana ta ƙare, duk abin da ya sha ruwan yankin nan ba zai shiga bakinta ba.

"Inna, wallahi ba a Hijir, wurin duwatsun nan, nake ba," in ji Khalilu. "Tsakanin shagona da duwatsun ya fi kilomita ashirin. Garin Musulmi ne, ya'ni da masallatai da komai."

"Ni ban ji kilomita a cikin karatun ba," in ji ta. "Khalas, ɗauke."

Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Haba Inna, ruwa nawa ne ma a cikin tsire?" Ta ce ai da ruwa ake wanke naman, kuma ragon da ruwa ya girma. Muka kawo mata limamin unguwa ya yi mata bayani a hankali, cewa garin daban, rijiyoyin daban. Ta ba shi shayi, ta yi masa godiya, da ya fita ta ce yaro ne.

Da wani ne sai ya haƙura, amma taurin kan gidanmu gado ne. Khalilu ya sayi jarkoki goma sha biyu. Duk Alhamis idan ya zo gida sai ya cika su da ruwan Madina, ya sayi nama a mahautar Madina ya sa a ƙanƙara, ya loda a bayan mota. Shekara biyu duk baƙon da ya ci tsire a shagon nan ko ya sha shayi, ruwan Jurf ya sha bai sani ba. Bayansa ya fara ciwo saboda ɗaukar jarka. Matarsa Sara ta yi magana har ta gaji. Shi dai burinsa ya shigo ya ce, "Inna, babu ɗigon ruwan can a cikin wannan," ta miƙa hannu.

Ta fara karɓa kuwa. Sai ta ce, "Tayyib, ajiye, zan ci anjima." Ya koma Ula da murna, har waya ya yi min. Ni ce na san inda tsiren yake zuwa, na kuma yi shiru, kuma har gobe ina jin kunyar shirun nan. Wata Alhamis ya dawo ɗaukar makullin da ya manta, ya tarar da ita a bayan gida tana warware takardar tana zuba wa kyanwoyin layi. Ba ta ko razana ba.

"Ba ni da raƙumi," ta ce masa. "Su nake da su."

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Daga ranar ya daina ɗaukar jarka, ya daina kawo komai, sai dai ya zo ya gaishe ta ya zauna a bakin ƙofa. Na taɓa ce masa ya rufe shagon ya dawo mana. Ya ce, "In dawo in ciyar da yara da me, Radiyya? Da duwatsun Uhudu?"

Bara Inna ta faɗi a banɗaki, tun daga nan kanta ya fara rikicewa. Wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban zo duniya ba. Abinci kuma ta ƙi shi, cokali biyu sai ta kawar da kai, ta rame har zobenta yana zamewa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Khalilu ya hura garwashi a tsakar gida, ya gasa tsinke uku, ya daddatsa naman ƙanana yadda ba sai an tauna sosai ba. Ya durƙusa a gaban gadonta. Ni ina tsaye, na riga na shirya ganin ta juya masa baya.

Ta buɗe baki. Ta ci, ta sake buɗewa. Yayana ya ci gaba da sa mata a baki. Sai da ta ci kusan tsinke guda sannan ta tsaya tana kallon fuskarsa.

"Kai ɗan gidan waye, bawan Allah?" in ji ta. "Allah ya yi maka albarka. Ina da ɗa mai hannu irin naka, amma ya tafi ƙasar Samudawa. Ba na cin nasa."

Na buɗe baki zan ce, Inna ai shi ne. Khalilu ya ɗago ido ya girgiza min kai. Tausayinsa ya kama ni, na zauna a ƙasa. Ya ɗauki wata 'yar tsoka, ya hura ta don ta huce.

"Amin, Hajiya," ya ce. "Ƙara wannan, saura kaɗan."