Buhunan Earline a Bakin Maƙabarta

Earline Pitre matar yayana ce, kuma tun ranar da yayan nawa Clovis ya kawo ta gidanmu a Bayou Sarcelle, garinmu na bakin teku, ba na jin mun taɓa yini guda ba mu yi cacar baki ba. Ta ce miyata ba gishiri, in ce kofinta sai ka ce kwalta. Tare muka tsufa a rumfar ɓare ƙaguwa, kujerarta kusa da tawa, hannu na aiki baki na aiki. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, yatsunta duk sun lanƙwashe saboda riƙon wuƙa. Duk garin Gwaggo Earline ake ce mata. Ni dai ban taɓa ba ta wannan girman ba.

Clovis jatan lande yake kamawa. 'Yan shekaru kafin ya rasu ya gina kabarinsa da hannunsa, na bulo da siminti a saman ƙasa kamar na kowa a nan, tunda in ka ce za ka haƙa rami, ruwa za ka tarar tun ba ka yi gumi ba. Ɗaki biyu ya yi masa, na ƙasa nasa, na sama na Earline. Ya zaɓi can ƙarshen maƙabarta, wai don ya riƙa jin ƙarar jiragen kamun kifi in sun fita da sassafe. A lokacin, tsakanin wurin da bakin ruwa akwai makeken fili da manyan itatuwa, har shanun maƙwabta na kiwo a ciki. Earline ta ce masa ya cika son kai, ya ɗauki ɗakin ƙasa ya bar ta da hawa bene ga ciwon gwiwa. Dariya aka yi, amma ita ta riƙe maganar. A nan za ta kwanta, kusa da mijinta, ba wani wuri ba.

To, filin nan ya tafi. Ruwan gishiri ya shigo ya kashe itatuwan a tsaye, aka sayar da shanun, kowace guguwa ta zo ta yagi rabonta. A shekarar da nake ba ku labari, da zarar iska ta kaɗo daga kudu sai ruwa ya zo yana lasar gindin kabarin Clovis, kuma kabarin ya fara karkata. Abin da Earline take nema bai taka kara ya karya ba: a jibge duwatsu a bakin maƙabarta su karya ƙarfin igiyar ruwa. Shi ke nan.

Ku fahimce mu. A garinmu, in ka ce "sauyin yanayi" a shagon sayar da kayan kamun kifi, wuri tsit zai yi. Rabin mazanmu a rijiyoyin mai na cikin teku suke aiki, har da Wade, ɗan Earline. Mutum na jin kalmar, abin da kunnensa ke jiye masa shi ne za a rufe aikin ɗansa. Amma wannan mutumin da zai rantse maka cewa zancen banza ne, shi ne ya ɗaga gidansa bisa dogayen ginshiƙai har sai ka tsaya ka huta a tsakiyar matakala. Mu ba makafi ba ne. Gajiya muka yi da masu zuwa daga nesa su gaya mana abin da ke tsakar gidanmu, su koma su kwana a kan tudu.

Shekarar zaɓe ce. Darrell Hotard, ɗan majalisar jiha da ya daɗe yana wakiltarmu, ya zo ya dafa wa gari dafa-dukan shinkafa a ƙatuwar tukunya, kamar yadda ya saba duk lokacin da yake bukatarmu. Earline ta ci ta ƙoshi tukuna, don ba ta wasa da abinci, sannan ta tare shi ta yi masa maganar duwatsu. Ya rungume ta, Gwaggo kaza Gwaggo kaza. Ya ce ai ƙasar nan tun zamanin kakanni haka take, ta tafi ta dawo. Ya ce zancen sauyin yanayi mutanen arewa ne suka ƙirƙiro don su rufe mana aikin mai, kuma in ya tashi a majalisa yana neman duwatsu don maƙabarta, abokan hamayya za su ce ya yarda teku na tasowa. Ta dai bari a wuce zaɓe, zai duba.

Ba a jima ba abokiyar takararsa ta zo, wata lauya daga birni mai suna Renée Lasseigne. A zauren coci ta tara mu. Gaskiya matar ta iya magana, kuma ba ta yi mana rufa-rufa ba. Ta ce teku na tasowa, ƙasarmu na nutsewa, hanyoyin ruwan da kamfanonin mai suka yanka a fadama sun buɗe wa gishiri ƙofa. Na ga Earline tana gyaɗa kai, har ta zungure ni ta ce wannan dai tana da ido. Da aka tashi ta je ta yi mata maganar duwatsu. Matar ta riƙe hannunta da hannu biyu, idonta har da ƙwalla, ta ce masana sun gama lissafi, wurin nan ba mai tsira ba ne, zuba duwatsu ɓata ƙarfi ne kawai. Abin da za ta yi mana in ta ci shi ne a kwashe mu a kai mu kan tudu, matattunmu ma in ya yiwu.

A mota muna komawa, da muka haye gada Earline ta juyo ta dube ni.

"Kin ji su ko, Marcelite? Shi ya ce ruwan ba ya zuwa. Ita ta ce ya riga ya zo. Su biyun dai ba dutse."

Na ce mata da ma wa ya aike ta. Ta ce in rufe mata baki in kalli hanya.

Ranar Dukan Tsarkaka na ƙaratowa, kuma 'yan kwanaki kaɗan ke tsakaninta da zaɓe. Kowa ya san aikin makon: kowane gida zai je ya cire ciyawa, ya wanke kaburburan danginsa, ya shafe su da farar ƙasa, ya kawo furanni, ranar kuma Fada, limamin cocinmu, ya zo ya zagaya ya yayyafa ruwan albarka. Ba a ba wa bare wannan aikin. Wanda ka ci tuwo ɗaya da shi, kai za ka shafe shi.

Sai ga wani mutumin Hotard a ƙofar Earline, ina zaune muna shan kofi. Ya ce yallaɓai zai halarci albarkar kaburbura, kuma a matsayin kyauta zai turo ma'aikata da injin feshi su mayar da maƙabartar fara fat, musamman ta bakin ruwa, don kowa ya ga garinmu lafiya lau yake. Earline ta ce masa mijinta ba bangon liƙa hoton takara ba ne, ya gaishe da yallaɓai. Washegari kuma wata mata daga wajen Lasseigne ta zo, cikin ladabi, tana roƙon kada Earline ta shafe kabarin Clovis bana. A bar shi da tabon laka da gansakuka yadda yake, masu ɗaukar hoto za su zo, duniya ta ga halin da muke ciki.

Na san fuskar Earline in ranta ya ɓaci. Murya ƙasa-ƙasa take yi.

"Tun ina yarinya nake wanke wa mutumin nan riga. Yanzu ki ce in bar shi cikin datti ranar da za a zo gaishe shi, don ki samu hoto? Tashi, 'yata, kofinki ya huce."

Da matar ta tafi, ta yi ta kai da kawo a baranda. Can ta tsaya tana kallon bayan rumfar masu ɓare kawa, naman teku mai ƙaƙƙarfan kwanso, inda kwanson ya taru tsibi-tsibi har ya fi rufin tsawo. Da shi iyayenmu suka yi hanyoyin garin nan tun ba a san kwalta ba. Ta juyo ta ce in ɗauko takalmina.

Gida gida muka bi. Saƙonta ɗaya: bana kada kowa ya kawo furanni, kowa ya kawo buhun kwanso, a jera su a bakin maƙabarta a madadin duwatsu. Wasu suka ce Gwaggo ta fara ruɗewa. Wata ta ce uwarta ba ta taɓa kwana ba fure ranar Tsarkaka ba, Earline ta ce mata to ta kawo furen ta kawo buhun, in ba haka ba baɗi kifi ne zai shinshina shi. Fada ya ce shi dai bai ga inda aka wajabta fure ba. Wade ya bugo waya daga teku yana faɗa, wai za ta karya bayanta a banza. Ni ma na yi mita iya mita, don bayana ba na aro ba ne, amma ni na riƙe mata bakin buhu tana zubawa da shebur.

Ranar ta zo. Da safe muka shafe Clovis da hannunmu, ita da burushinta ni da nawa, tana cewa na bar wuri ina cewa idonta ne ya mutu. Kafin azahar motoci sun cika bakin hanya, kowace bayanta ya lotsa da buhuna. Ban taɓa ganin garinmu ya fito haka ba. Masu cewa sauyin yanayi ƙarya ne da masu cewa gaskiya ne suka yi layi ɗaya tun daga hanya har cikin ruwa, buhu na bin hannu, ba wanda ya tambayi wani ra'ayinsa. Earline na can ƙarshen layi, ruwa har gwiwa, tana nuna inda za a jera.

Ana cikin haka 'yan takarar suka iso, kowa da masu ɗaukar hotonsa, kowa sanye da dogayen fararen takalman roba irin na masunta. Namu sun yi ruwan ƙasa, duk sun tsattsage. Nasu kuwa ƙyalli suke, ko laka ba su taɓa gani ba. Na ji wani tsoho a layi yana tambaya ko da kwalin takalman aka zo.

Hotard bai yi wata-wata ba ya sunkuci buhu, ya juya wajen masu hoto ya yi murmushi, ya dire shi a busasshiyar ƙasa.

"Ba nan ba, yallaɓai," in ji Earline. "Can ciki, kusa da ni. Ai ka ce ba ruwa, me kake tsoro?"

Layin ya fashe da dariya. Ba yadda zai yi, ya ɗauka ya shiga, ruwa ya zubo masa ta saman takalmi, ya ajiye ya fito yana tafiya yana ƙwacal-ƙwacal. Lasseigne, in ba ta haƙƙinta, ta shiga ba a ce mata ba, kuma ta kai buhu fiye da ɗaya. Da ta zo dab da Earline sai ta rage murya, amma ina kusa na ji.

"Gwaggo, kin san wannan ba zai riƙe har abada ba."

"Ni ma ba zan riƙe har abada ba, 'yata. Miƙo buhun."

Fada ya zagaya ya yayyafa wa kaburbura ruwa, da ya zo ƙarshe ya yayyafa wa buhunan ma. Kafin ya gama, baƙin namu sun shige motocinsu. Da yamma muka gan su a talabijin. Shi ya ce ga shaida, mutanensa ba sa jiran gwamnati. Ita ta ce ga shaida, an yi watsi da mutane har suna tare teku da hannu. Earline ta kashe akwatin ta ce in zuba mana miya. Ranar zaɓe ta sa jan baki ta je ta jefa ƙuri'arta, kuma har ta mutu ba ta gaya mini wa ta zaɓa ba. Ɗayansu ya ci. Ba zan ɓata bakina in faɗi wanne ba, tunda dutse dai bai zo ba.

Da bazara ta zagayo guguwa ta zo, ta kwashe shingen maƙabarta, ta yaye rufin rumfar ƙaguwa. Da ruwa ya janye muka je maƙabarta cikin kwale-kwale. Buhunan sun baje, wasu sun fashe, amma kwanson ya zauna ya cije, laka ta taru a bayansa. Clovis na nan inda muka bar shi. Earline ta dafa kabarin, sannan ta ce farar ƙasar ɓangarena ce ta fi zubewa.

'Yan makonni bayan haka ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Mai shirya jana'iza ya ce hanyar maƙabarta ta lalace, motarsa ba za ta shiga ba, gara a kai ta sabuwar maƙabarta a kan tudu, daga baya a ɗauko Clovis in an samu hali. Na ga Wade ya fara gyaɗa kai, yaro ya gaji, ga baƙin ciki. Allah ya sani ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce masa uwarsa ba ta shiga ruwa har gwiwa da tsufanta don a kai ta kwana cikin baƙi ba, in mota ba ta zuwa kafaɗa na zuwa. Ya kalle ni, ya share fuska, ya fita neman mutane.

A kafaɗa aka kai ta, maza na tafiya cikin ruwa, mu muna biye kowa da buhunsa, ba wanda ya ce a kawo. Da aka buɗe ɗakin sama a bushe yake ƙayau. Aka sa ta a ciki, bisa mijinta, aka rufe. 'Yan siyasar nan biyu kowa ya aiko da ƙaton zoben furanni. Na zare wayoyin da aka ɗaure su da su muka ɗaure bakin buhuna.

Ranar Tsarkaka ta bana ni kaɗai na shafe su, ina tsaye ruwa na dukan ƙwaurina. Kewarta ta cika mini ciki har na rasa abin yi, sai na ce mata farar ƙasar da ta shafa bara ba ta yi kauri ba, aikin ganin ido ta yi. Na tsaya da burushi a hannu ina jira. Karon farko ke nan da ba ta rama ba. Na ajiye burushin, na je mota na ɗauko buhu na koma cikin ruwan.