Garzali, Ka Bar Muryar Mahaifiyarka a Kulle

Tun ranar da ka ajiye fartanya a Utai ka kama shagon gyaran kwamfuta a bakin titin Wudil nake faɗa maka cewa kwamfuta ba ta da amana, kuma har yau ban janye ba. Shekara da shekaru ina mita, kana dariya. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, aka same ni a lambu aka ce ka cika a asibiti, da zazzaɓin da muka raina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ban yi boko ba. Ƙanwarka Khaulat ce ke rubutawa, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Ba zan ɓoye alherinka don ina jin haushin sana'arka ba. A zaman makoki na ga mutanen da ban sani ba. Wata ɗalibar jami'a mai suna Tabita ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce aikin kammala karatunta ya taɓa ɓacewa, ka ƙi tashi sai da ka tono mata shi. Tsofaffin ƙauyen Achika sun ce in waya ta rikice musu ranar kasuwa, kai kaɗai ne ba ka yi musu tsawa. Ni kaina ban taɓa zuwa shagon nan ka bar ni a tsaye ba, ko da faɗa na zo yi.

Amma akwai maganar kaset. Lokacin da nake cirani a Ikko, mahaifiyarka Yelwa ba ta iya rubutu ba, ni ban iya karatu ba, sai ta ɗauki muryarta a kaset ta ba direba ya kawo mini. A ciki take cewa ruwa ya sauka, akuya ta haihu, kai kuma ka fara tafiya. Ana jin kukanka a bayanta tana rarrashi. Da ta rasu, abin da ya rage mini ke nan. Da zaren ya fara tsinkewa ka karɓa ka juye a kwamfutarka, kaset ɗin kuma bai sake moruwa ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci ka kan kunna mini, ka fita waje ka bar ni.

Sai bana ka ce an fito da sabuwar babbar manhaja, wadda ke juya kwamfuta gaba ɗaya, amma ta gwaji ce, ba su gama haɗa ta ba. Na ce maka ko sabon irin dawa a gefen gona ake fara zuba shi.

Ka ce, "Baba, ai tawa ita ce gefen gonar. So kake in gwada a kan na mutane?"

Na ce, "To ni ba mutum ba ne?"

Ka yi dariya ka ce Baba akwai rigima. Ka sa ta a taka. Juma'ar da ta biyo baya muka kunna, shiru, sifika ta daina magana. Ka ce ka rubuta wa masu ita, za su aiko da gyara. Gyaran bai riske ka ba.

Yanzu kwamfutar tana ɗakina. In an kunna ta, fuskarka take nema, ko wasu lambobi da kai kaɗai ka sani. Fuskar nan kuwa da hannuna na juya ta gabas. Abokinka Sama'ila, ma'aikacin jami'a, ya gwada iyakar saninsa, ya ce, "Baba, in aka matsa mata, komai na ciki zai tafi." Masu rabon gado sun ce a goge ta a sayar, tunda haƙƙin marayu ne. Na san haƙƙin marayu ne, ba sai an koya mini ba. Na ce su ba ni zuwa sadakar arba'in.

Allah Ya jiƙanka, Garzali, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Yelwa a Aljanna. Radiyya, matarsa, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya yaran nan. 'Yan'uwansa da abokan sana'arsa, Allah Ya ba mu dangana baki ɗaya.

Ku kuma masu manhajar nan, da kuka saki abin da ba ku gama ba, Sama'ila ya rubuta muku, ya sake rubutawa, kun yi shiru. Arba'in ta kusa. Mutum nake so, mai suna, ya faɗa mini: za a buɗe, ko in miƙa musu su goge? Ko a'a ce, ku faɗa mini da bakinku.