'Yar Tsanar Fulawa

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora tukunyar gashi, ƙanshin sukari da bota ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar wake. Sai na ajiye faifan. Kai mai karatu, in ka taɓa yin laifin da ba wanda ya tuhume ka a kansa, za ka san yadda ƙanshi kawai yake danne wa mutum ƙirji.

A Sifawa aka haife ni, a hannun kakata na tashi. Masa take toyawa. Tun ina 'yar shekara biyar take miƙo mini ludayi in zuba ƙullu a tanda, rabi ya shiga gurbi, rabi ya tafi wuta. Tawa takan fito a karkace, gefe guda baƙi ƙirin. Sai ta tsame ta, ta hura, ta cinye a gabana, ta ce, "Wagga ta hi tawa daɗi." Na ɗauka haka kowane babba yake. Ban san haƙuri take yi da ni ba, balle in koya.

Bayan na yi aure a Boɗinga na shiga ajin manyan mata. Karatun bai zauna sosai ba, amma na fito da gashin biskit. Rairayi ake zubawa a gindin babbar tukunya, a ɗora faranti, a rufe, a tara garwashi a kan murfin. Da kwalba ake murza kwaɓin, da bakin gwangwanin tumatir ake yankawa, su fito daidai wa daida. A unguwarmu ni kaɗai na iya, kuma abin ya shiga mini kai.

Wani jajiberin ƙaramar sallah ya faɗo a tsakiyar bazara. Ga azumi, ga zafin garwashi, ga goyo a bayana. Ina haɗa kwanon da za a kai wa surukata, ina so a buɗe shi a gaban mutane a san ni na yi. Ɗiyata ta fari tana shekara shida. Tun safe take bina, "Inna, in taya ki?" Na gutsura mata kwaɓi kaɗan don ta bar ni in sarara.

Da na juyo zan ɗauki faranti na biyu, sai na ga wani abu a tsakiyar jerin da na shirya. Yana da kai, da siraran hannuwa biyu, da ƙulli a baya. Ɗiyata tana tsaye tana rawar ƙafa, fulawa har a girarta.

"Ke ta, Inna. Ga goyonki nan baya. Ki gasa ta a kai ma Kaka ta gani."

Na ɗauki 'yar tsanar, na matse a tafin hannuna, na mayar cikin sauran kwaɓin, na bi da kwalba. Na ce, "Tashi ki ba ni wuri. Hannunki ɓanna ɗai ya iya."

Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannunta a zani, ta tafi gindin darbejiya ta zauna. Biskit ya yi kyau, surukata ta yaba, ni kuwa na yini da farin ciki. Wannan farin cikin ya fi komai ba ni kunya yanzu.

Daga ranar ba ta sake zuwa kusa da murhu ba sai in an aike ta. Ni kuma a kan ƙannenta na fara yin sanyi, a hankali, bayan tsawa da yawa. Na koyi shimfiɗa musu tabarma, in ba kowa nasa kwaɓin, in kawar da ido in fulawa ta zube. Suna yin jaki mai ƙafa uku, da raƙumin da tozonsa ke ƙonewa kafin cikinsa ya gasu, duk in gasa musu. In na kira ta, "Zo ki yi naki," sai ta rusuna ta ce, "A'a Inna, kar in ɓata miki." Haka ta girma da ladabi. Ba ta taɓa musa mini ba, ba ta kuma taɓa zama har gwiwarta ta taɓa tawa ba.

Bara na je Shagari, inda take aure. Ta koyi gashin kek a wurin wata mata, tana yi wa masu biki a murhun gas mai ƙofar gilashi, aikinta ya fi nawa tsafta nesa ba kusa ba. Ina zaune 'yarta mai shekara huɗu ta tsoma yatsa a kwaɓi. Sai na ji ɗiyata ta ce, "Tashi ki ba ni wuri. Hannunki ɓanna ɗai ya iya." Har saukar muryar tawa ce. Yarinyar ta ɓoye hannun a bayanta.

Bayan la'asar ɗiyata tana ninke kaya, na ce, "Kin tuna 'yar tsanar da kinka yi min da hulawa?"

"Wace 'yar tsana, Inna? Ni ban tuna ba."

Ta ninke zani biyu, sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Har da ɗankwali na yi mata."

Ban ga ɗankwalin ba. Ban tsaya na duba ba.

Na ce, "Ki gahwarta min."

Ta ce, "Ba komi, Inna. Allah shi gahwarta muna baki ɗai." Irin amsar da ake ba baƙon da ya taka wa mutum ƙafa a kasuwa.

Yanzu gashi ya yi sauƙi, ba rairayi, ba toka, yaro ma yana iya leƙawa ta gilashi ya ga nasa yana tashi. Uwayen ne dai har yau suke sauri, kamar yadda na yi. Kafin in hau mota na roƙe ta ta turo mini jikata ta yi hutu a wurina. Ta ce za ta tambayi baban yarinyar.

Hutu biyu sun wuce. Ban sake tambaya ba. Jira nake, kuma yanzu na iya jira.