Ranar da Baba Ya Yi wa Balarabe Noma

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Baba gani, gonarmu ta Kademi ta lalace. Mutumin da ake misali da tsaftar gonarsa sai ga shi yana sare gero yana barin ciyawa, har maƙwabta suka yi masa gayya. Ya gode musu, amma abin ya ci masa rai. Kafin mu tashi zuwa Masar a yi masa aiki, ya kira ƙaninsa, wato Baffanmu, ya ce da zarar mun dawo a ba wani mutumin garin Balan aron gonar, shi kam ya gama da fartanya.

Mu uku muka tafi, ni da shi da Inna. Yayana da ke karatu a Alƙahira ya tarbe mu. Aka yi aiki lafiya, likita ya ce ido ya yi kyau, a dai kiyaye ƙura. Sai Baba ya ƙi yarda da idon nasa. Ya ci gaba da laluben bango, yana dafa kafaɗar Yaya. In na tambaye shi sai ya ce, "Da sauƙi dai." Ni kuma ba ni da haƙuri, wannan "da sauƙi dai" ta dinga ƙona mini rai, domin na san in muka koma a haka gonar ta tafi.

Da tafiya ta zo ƙarshe Yaya ya ce ba za mu bar Masar da labarin asibiti kaɗai ba. Wayyo daɗi! Muka shiga jirgin ruwa a kogin Nilu. Inna, Bafulatanar Toranke da ba ta taɓa hawa ko kwalekwale ba, ta damƙe mini hijabi tana salati. Da ta saki jiki sai ta ce, "Duk wannan ruwa, ba ko saniya ɗaya a bakinsa? Asara!" Muka je wajen dala, manyan gine-ginen nan masu tsini na zamanin Fir'auna. Dutse guda ya kai mini ƙirji, ga su an jera har sama. Na hau raƙumi, na yi ihu kamar ba malamar makaranta ba, na ɗauki hotuna har wayata ta cika. Baba yana tsaye cikin baƙin tabarau. Na ce, "Baba, ka gani?" Ya ce, "Duwatsu ne dai, ko?" Saura kaɗan na yi kuka.

Ranar ƙarshe Yaya ya ɗauko motar haya za a kai mu wasu tsofaffin gine-gine a kudu da birnin. Hanyar ta ratsa ƙauyuka, ga dabino, ga magudanan ruwa, ga gonaki kore shar. Ina lissafin tsarabar da ta rage a saya, sai na ji Baba ya daki kujera.

"Kai, ce wa direba ya tsaya!"

Kafin mu ankara ya sauka, kuma bai dafa kowa ba. Ya tsaya a bakin wata gona yana girgiza kai. Gefe ɗaya albasa ce, ɗaya gefen kuwa wata ciyawa ce mai ƙananan ganye ta cika fili har gwiwa.

"Mai gonar nan ba shi da lafiya," in ji Baba. "Ko kuma an yi masa rasuwa. Ina maƙwabtansa?"

A wajenmu haka ne, ciyawa ba ta cinye gonar mai lafiya, kuma ba a wuce ta a yi shiru. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya kama tuge ciyawa da hannu bibbiyu. Inna na cewa, "Malam, ƙura! Likita fa ya hana!" amma ko a jikinsa. Ni ma da rawar kaina na tattare zane na shiga. Mun yi fili kamar shimfiɗar tabarma biyu sai ga wani jibgegen Balarabe a kan jaki yana ɗaga hannu yana ihu. Lafiyarsa ƙalau, wuyansa kamar na bajimi.

Yaya ya tare shi da Larabci, suka yi ta yi, sai Yaya ya juyo yana dariya har da riƙe ciki.

"Baba, shuka ta ya yi. Abincin shanunsa ne. Har ban ruwa yake mata."

"Ciyawar?"

"Ita fa."

"Da gangan?"

Inna ta ce, "To, ka ga inda aka san darajar saniya."

Da aka bayyana wa Balaraben cewa taimakon mara lafiya muka zo yi, sai ya dafa ƙirji, ya rungume Baba, ya rantse sai mun sha shayi. Ciyawar da muka tuge jakinsa ya cinye. Balaraben ya ja Baba cikin albasar yana nuna masa yadda ruwa ke bi, suna ta hira da hannu, ba mai jin wani.

Can na ga Baba ya tsaya cak. Ya cire tabarau, ya kai yatsu biyu tsakanin ganyen albasa, ya zaro wani ɗan tsiron ciyawa siriri kamar zare. Ya daɗe yana juya shi. Na matsa kusa.

"Uwata," haka yake kirana, "ban shafa ba. Daga tsaye na hango ta."

Farin ciki ya kama ni, na yi ta hamdala. Gine-ginen da muka fito gani kuwa ba mu je ba, ban kuma damu ba. Baba ya miƙo hannu ya ce in kira masa Baffa. Da aka ɗauka bai ko gama gaisuwa ba.

"Ka ba mutumin Balan haƙuri. A fara kai taki gonar, gobe muna hanya."