Jar Motar Auta

Da ƙanenmu, autan gidanmu, ya yi ritaya daga aikinsa na Fatakwal, mun ɗauka zai dawo Birnin Gwari da abin da masu hankali kan dawo da shi, injin niƙa ko 'yar tarakta. Sai ga shi da wata jar motar tsere mai kujera biyu, an goyo ta a bayan babbar mota, don a cewarsa ramukan hanyar Kaduna ba sa'anninta ba ne.

Ba sabuwa ba ce, ta girmi ɗansa na fari, amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Kujerunta na fata suna ƙamshin sabon takalmi. In ya tayar da ita ba ta tari irin na motocin tasha, wani gurnani take yi ƙasa-ƙasa, ƙirjinka ya riga kunnenka jinsa. Ni da na ƙare ƙuruciyata a aji ina koya wa yara cewa amfanin abu shi ne darajarsa, na tsaya kallonta har shayina ya huce. Wani manomin Kuyello ya zagaye ta, ya tambayi buhun masara nawa take ɗauka. Auta ya ce ko ɗaya. Mutumin ya yi masa jaje.

Matsalar, motar gajera ce ƙwarai, rufinta bai wuce ƙugun mutum ba. A garinmu kuwa mai mota ba ya wuce babba. Ya tsaya, ya fito, ya rusuna. Auta na tsayawa, fitowar ce aiki. Ga tumbi, ga ciwon gwiwa, ga shi zaune kusan a ƙasa. Sai ya zuro ƙafa ɗaya, ya dafa ƙofa, ya yi salati, ya koma. Dattawa don tausayi su ce, "Yi zamanka, yi zamanka," su sunkuyo wajen taga. Tagar kuma tana can ƙasa, sunkuyo ya zama tsuguno. Kafin wata ya ƙare, gari ya ga limamin unguwarmu da tsohon hedimasta a tsugune bakin titi, autan gidanmu na miƙo musu hannu daga ciki.

Magana ta kai kunnen Yaya, babban wanmu, mai riƙe da gida tun rasuwar Baba. Ya kira mu zaure.

"Auta, an ce kana durƙusar da manya a titi."

"Wallahi Yaya ni ban ce kowa ya durƙusa ba. Motar ce."

"To motar ba ta da tarbiyya. Ko ka kai ta wajen mai walda ya ɗaga ta, ko ka sayar da ita bayan Juma'ar nan."

"A ɗaga ta? Yaya, da gangan aka ƙera ta haka, saboda iska."

"Iskar ce za ta zo maka ɗaurin aure?" Ya juyo kaina. "Kai Malam, an ɗinke maka baki ne?"

Na ce a kimiyyance Auta na da gaskiya, a zamantakewa kuma Yaya. Suka haɗu suka yi mini tsaki.

Auta ya daina cin abinci sosai. Ya nemi hanyar da babu dattijon gaisarwa, bai samu ba sai ta daji, inda masu tsayar da mota ba gaisuwa ke kawo su ba. Ranar Juma'a ya roƙi Yaya ya bari ya kai shi masallaci a cikinta, na bankwana. Yaya ya yarda don kada a ce ya cika tsanani. Ni da Auta muka naɗe shi da babbar rigarsa muka cusa, na bi su a babur.

Tun a bakin kasuwa aka fara. Duk wanda ya hango Yaya sai ya zo, duk wanda ya zo sai ya tsuguna. Sai ga wani attajirin dillalin hatsi, wanda ya shekara da shekaru yana gaida Yaya da hon daga saman jif ɗinsa. Ranar a ƙafa yake, babu mafita. Ya tattare shaddarsa ya yi ƙasa. Yaya ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi gona, ya bi shanunsa da gaisuwa, ya koma kan wata gwaggonsa ta Gayam da ba na zaton ya taɓa ganinta. Gwiwoyin dillalin na ƙara har inda nake. Bayan salla Yaya ya ce a koma gida ta doguwar hanya.

Muna zaro shi a ƙofar gida ya gyara hula ya ce, "Na yi nazari. Motar ba ta da laifi, na cikinta ne shekarunsa ba su kai ba. Ba za a sayar ba. Amma daga yau ba ta fita sai da ni."

Haka ake har yanzu. Auta ke wanki, Auta ke sayen mai, Auta ke tuƙi, ba ya wuce giya ta biyu saboda masu gaisuwa. Ƙorafinsa ɗaya, Yaya na cin goro a ciki. Ya zo ya same ni in yi wa Yaya magana, na ce ya bari sai na gama nazari.