Zoben Ƙanwata

Shekarun baya aka yi wa ƙanwata aure tana da shekara sha biyar. Ba wanda ya tilasta mata, tana son yaron, direba ne mai kai kaya Jado, can cikin hamada. Ta bar lakwal, wato makarantar boko, ana guɗa, ni ce ma na fi kowa rawa ranar.

Da ta samu ciki, kunyar ɗan fari ta rufe mata baki. Ko an tambaye ta lafiyarta sai ta sunkuyar da kai, mu kuma mu yaba hankalinta. Lokacin da ta dawo gida goyon ciki, fuskarta ta cika, ƙafafu sun yi nauyi. Maƙwabta suna tsokanarta: "Amarya, aure ya karɓe ki! Me direban nan yake ba ki?" Innarmu tana jin daɗi.

Wata safiya ta nuna mini hannunta. Zoben azurfar da mijinta ya ba ta ya nutse cikin yatsa. Ta ce, "Yaya, ya matse ni. Kuma kaina yana sarawa." Na ce zafin rana ne. Muka sa sabulu, ya ƙi fita. Muka tafi wurin maƙeri a tsohon gari, ya yanke shi, ya ƙara masa azurfa, ya mayar mata. Muka dawo muna dariya, ina ce mata ta rage shan fura. Matanite, asibitin haihuwa, tana kan hanyarmu, ta ƙofarta muka wuce zuwa da dawowa.

Ba a daɗe ba ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga. A matanite suka ce tansiyo ne, wato hawan jini, ya jima yana hawa, ga jikinta bai gama girma ba. An ciro jaririya da rai. Ita ba ta farka ba. Allah ya jiƙanta.

Ba na ɗora wa kowa laifi, abin da muka tarar muka yi. Amma yau in na ga ƙaramar yarinya da ciki, ba na yaba kunyarta, tambayarta nake yi har ta faɗa.

'Yar tana hannuna, tana lakwal, ta kusa shekarun da aka aurar da uwarta. Kwanan baya wasu suka aiko neman ta. Innarmu ta dube ni. Na ɗauko zoben na sa wa yarinyar. Ko a babban yatsa bai zauna ba, ya zame ya faɗi kan tabarma. Inna ta ɗauka ta riƙe. Sannan ta ce, "A ce musu tana karatu."